Rijiyoyin Baban Sa'a

Malam Sabi'u ya turo mini littattafan rubutuna guda huɗu ta kan tebur, ya cire tabarau ya ajiye a kansu.

"Iya, na karanta daga farko har ƙarshe, sau biyu. Littafi ne a kan mutum ɗaya, amma babu sunansa ko wuri guda."

Na ce, "Akwai mana. Baban Sa'a."

"Wannan ai ba suna ba ne. Baban Sa'a nawa ne a cikin Daura kaɗai? Kuma ke me kike gare shi? Ba ki faɗa ba. Kin ce akwai wata mai dafa wa ma'aikata abinci, ita ma ba suna."

"Ita ba ta haƙa komai ba."

Babbarku tana gefe a kan benci, ita ta rako ni Katsina a motar haya. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, mace mai jikoki. Ta san amsar, amma ta san ba a gabana za ta faɗa ba. Shi Malam Sabi'u mai buga littattafai ne, shagonsa na bayan tasha, injina biyu a ciki suna ƙara kamar na niƙa. Ba ya buga rubutun mutum sai ya karanta ya gyara, abin da ya sa aka turo ni wurinsa ke nan. Ya dube ni, ya dube ta, sai ya gane. Ya ce, "Au. Allah ya jiƙansa." Na ce amin.

Ina rubuta muku wannan ne, ku 'ya'yana, don har yau akwai masu cewa na zubar da kunyata don a ji muryata a rediyo. A cikinku ma akwai, na sani, an gaya mini wanda ya faɗa da inda ya faɗa. Ba zan yi gardama da kowa ba. Zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ga dama ya yarda.

Ubanku rijiya yake haƙa, wannan kun sani, amma ƙananan cikinku ba su tarar da shi yana aikin ba, sun tarar da tsoho mai jan ƙafa wanda sai an ɗaga murya yake ji. Da kaka ta wuce aka gama shigar da hatsi, sai mu ɗaure kaya mu bi ƙauyuka, shi da mutum uku, ni da tukunya. Ba ya fara sara sai ya yi kwana biyu yana zagaya gari a ƙasa, yana duba inda ɓaure ya tsaya kore da bazara, yana ɗibar ƙasa yana murzawa, wani lokaci ya ɗanɗana. In rami ya yi nisa, kullum da safe sai ya ɗaura fitila a igiya ya sauke. In ta mutu a ƙasa, ranar babu mai shiga, ko mai gari ya zo da kansa. Ni na san kowace rijiya: zurfinta gaba nawa, inda aka tarar da marmara, inda yashi ya yi gardama, wadda ruwanta ke da zartsi da wadda ake sha ba a ƙoshi. Ba karatu na yi ba, a bakinsu na yi ƙuruciyata, goyon wasunku ma a can na yi.

Karatun boko kuwa sai bayan rasuwarsa na shiga, kaina duk furfura. Malama Binta ce ta buɗe ajin mata a firamaren unguwarmu bayan la'asar. Ni abin da ya kai ni shi ne in riƙa gane sunan mai kira a waya, da takardar magani, don na gaji da miƙa wa mutane. Akwai ranar da ta ce kowa ta rubuta sunan mijinta, wai don cike takardar asibiti. Matasan suka duƙufa. Mu tsofaffi biyar muka ajiye fensir muka zuba mata ido har ta canza darasi. Ni shekara arba'in da wani abu sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Ko wani mai irin sunan na gamu da shi, sai dai in ce mai sunan Baban Sa'a. Ita Sa'a ta biyu ce, shi ya sa nake iya kama nata. Haka aka tashe mu, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba.

A shekara ta biyu da shiga ajin na je suna ƙauyen Gwaggonku Ladi, can bayan Sandamu. Ita ce yayar ubanku, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni gidansu. Rijiyar garin ubanku ne ya haƙa ta, kuma ita ce ta ci ƙafarsa da kunnensa. A gaba tara gefe ya rufto masa, ƙasa ta binne shi har ƙirji, sai da aka yi rabin yini ana kwasa da ƙwarya kafin a ciro shi. Ya yi wata biyu a kwance a ɗakin Gwaggonku, ya tashi ya koma ya ƙarasa ta. To ranar sunan na bi ta wurin, na tarar an yi mata baki na siminti, an shafa fenti kore, an yi rubutu manya-manya. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi, don shi ne rubutu na farko da na karanta a waje ba tare da Malama ba. Da na gama haɗawa sai ya fito sunan wani kansila. Na tambayi matan da ke ɗiba rijiyar wa ce wannan, suka ce ta Kansila. Da ban iya karatu ba, da na sha ruwana na wuce.

Da na dawo Daura na sayi littafin rubutu mai layi. Kowace rijiya na ba ta shafinta, wata biyu, wata biyar. Baƙi suna zuwa rijiyar Kusugu su ɗauki hoto su tafi, kamar rijiya ɗaya ce tak mai labari a ƙasar nan, alhali duk garin da ka sha ruwa akwai wanda ya shiga rami da igiya a ƙugu. Damina biyu na yi ina rubutawa. Hannuna ba ya sauri, kuma ina rubuta magana ne yadda take fita bakina.

Da na gama ban san inda ake kai irin wannan ba. Malama Binta ta ce akwai matasa masu rubuce-rubuce da ke haɗuwa ranar Asabar a wata makaranta, ta kai ni. Sun yi mini tabarma, sun kira ni Kaka, sun karanta shafi uku da ƙarfi suna dariyar yadda na zagi yashin wani gari. Sai shawara ta yi yawa. Wata ta ce in ba ta ta buga a waya, a riƙa sakin shafi-shafi a zauren masu karatu na waya, mutane su saba, haka ita take yi da labaranta na soyayya. Na ce mutanen da nake so su ji ba sa cikin zaurenki. Wani dogo ya ce hanya ɗaya ce, a buga, a kama ɗakin taro, a gayyaci manyan mutane su ƙaddamar.

Na ce, "Babban mutum ya riga ya rubuta sunansa a rijiya ɗaya. Ba zan kira shi ya zo ya rubuta a littafi ba."

Suka yi dariya, shi bai yi ba. Daga ƙarshe wata mai hankali a cikinsu ta ce kafin komai rubutu yana son wanda zai karanta shi da idon baƙo, wanda bai san ni ba bai san ubanku ba, ya faɗi inda ya ɓata. Ita ta rubuta mini kwatancen shagon Malam Sabi'u. To kun ji yadda aka yi na zauna a gaban teburinsa.

Ranar mun daɗe. Ya nuna mini inda na maimaita labari sau biyu, na yarda a cire. Ya ce a jera rijiyoyin daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ba yadda suka faɗo mini a rai ba, na yarda. Ya so ya gyara mini wasu kalmomi su koma irin na littafin makaranta, na ce a'a, ya bari. Maganar suna ce kawai ta tsaya.

"Iya, ba sai kin faɗa da baki ba. Ga biro."

"Abin da ke cikin littafin nan bakina ne. Hannu da baki duk ɗaya."

"To ni in rubuta. Zan yi shafi ɗaya a gaba, da sunana a ƙasa, in ce wannan littafi a kan wane ne ɗan wane, kuma matarsa ce ta rubuta. Ke ba ruwanki."

Na yi tunani na ga wannan bai taɓa ni ba. Na tashi na fita waje na tsaya wurin mai rake, Babbarku ta gaya masa sunan, ya rubuta, sannan na dawo. A bangon littafin aka sa sunana da na ubana. Tumakina biyu suka tafi a kan bugun, ban yi da-na-sani ba.

Da littafin ya fito, Gwaggonku na fara kai wa. Ba ta karatu, amma ta juya shi, ta shinshina, ta sa aka karanta mata shafin rijiyar garinsu. Da aka zo wurin ruftawar sai ta ce a dakata, ta gyara mini abu ɗaya: ba wata biyu ya yi a kwance ba, kwana saba'in ne, ita ta yi jinyar. Sannan ta tambaya ko na kama sunansa a ciki. Na ce a'a, mai bugawa ne ya sa a gaba.

Ta ce, "Kin kyauta. Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a cikin kwallarta. Ku sani ni da ita ba zaman dangin miji muka yi ba. Tun da mazanmu suka rasu muka yi alkawari, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ita ta kawo maganar, ta ce ba ta son hannun yaran yanzu, suna wanka suna hira.

Littafin kuwa ya zauna. Na kai wa mai shagon littattafai a bakin kasuwa, ya jera guda goma a bayan littattafan jarrabawa. Duk ranar kasuwa in bi in leƙa, suna nan goma. Na ba malaman makaranta kyauta, na aika wasu ƙauyuka ta hannun direbobi da masu babur. Sauran suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona. Ni a tunanina in an buga littafi shi ke nan, zai tashi ya bi gari da kansa kamar labarin mutuwa. Babu wanda ya gaya mini bugawa rabin aiki ne, ko kuma an gaya mini ban ji ba.

Wajen wata biyar bayan nan, da hantsi, aka yi sallama. Maza uku ne daga wajen Mai'adua, manya, da zabbi biyu a ɗaure da ƙullin goro. Na sa aka yi musu shimfiɗa a zaure. Babbansu ya ce su 'ya'yan marigayi Bawa ne. Na san Bawa. Shi ma rijiya yake haƙa, sa'an ubanku ne, garuruwa ɗaya suke bi, kuma sau da yawa in ubanku ya haƙa, bayan shekaru Bawa ake kira ya yashe. Mutumin kirki ne, sai dai raminsa ba ya miƙewa.

Babban ya ce, "Iya, godiya muka zo. Malamin makarantar garinmu yana karanta mana littafinki a dandali bayan la'asar. Ba mu san akwai wanda ya riƙe aikin Baba haka ba. Tsofaffi har kuka suka yi."

Na ce, "Wane Baban?"

"Babanmu. Baban Sa'a. Ai Sa'adatu ce babbarmu mata, tana aure a Zango."

Na shiga ɗaki na ɗauko littafi na buɗe masa shafin gaba, na sa yatsa a wurin. Ya karanta a hankali, shi ma karatun nasa irin nawa ne. Ya ce malamin bai karanta musu wannan ba, daga rijiyar farko ya fara. Sannan ya rufe ya miƙo mini da ladabi.

"Wannan ai mai bugawa ne ya rubuta, Iya. Mutumin Katsina, ina ya san masu haƙar rijiyar ƙasar nan? Ke da kika gani da idonki Baban Sa'a kika ce. Kuma fitilar nan da ake saukewa, wallahi haka Baba yake yi."

"Kowane mai haƙa haka yake yi, in yana son ransa."

"To kin gani."

Na buɗe baki in ce mijina ne, sunansa wane. Kalma biyu ce. Suna zaune suna jira, ni ina tsaye da littafi a hannu, abin ya ƙi fita. Abin da na iya cewa shi ne ba ubanku ba ne. Ƙaraminsu ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Suka yi addu'a suka tafi. Zabbin na karɓa, don sun sha hanya.

Na zauna na duba abin da na yi. Da can rijiya ɗaya ce ta koma ta Kansila. Yanzu da hannuna da tumakina na kwashe duka na ba Bawa.

Na sa Babbarku ta kira mini Malam Sabi'u. Ya saurara har na gama, bai ce ai na gaya miki ba, wannan na riƙe masa. Ya ce mutanen da na rubuta dominsu da kunne suke karatu, mutum ɗaya ke riƙe da takarda, hamsin na saurare, kuma mai riƙe da takarda ba ya karanta gabatarwa. Ya ce akwai shirin marubuta a wani gidan rediyo, ya san mai gabatarwa, ana kama tashar har ƙauyukan iyaka. In na yarda zai nema mini rana. Na ce Babbarku ta je. Ya ce marubuci suke gayyata, ba 'yar marubuci ba, amma in ina so mai gabatarwar ta faɗi sunan da bakinta, ni in ce e kawai.

Kwana uku ina juya wannan. Abin da na gano shi ne, in mai gabatarwa ta faɗa, 'ya'yan Bawa za su ce yarinyar birni ce, me ta sani. In Babbarku ta faɗa, za su ce kowa ubansa yake so, su ma ga nasu. Amma duk ƙasar nan, daga Daura har iyaka, babu wanda bai san cewa mace mai shekaruna ba ta kama sunan mijinta don wasa ba. In ta kama, magana ta ƙare. Abin da ya hana ni faɗa shi ne zai sa a yarda in na faɗa. Ban ji daɗin gano wannan ba.

Ban so Gwaggonku ta ji a bakin rediyo ba, sai na hau mota na je. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na ba ta labarin 'ya'yan Bawa tun daga zabbi. Ta yi tsaki ta ce Bawa ko ramin shara bai iya miƙewa ba. Sai na gaya mata abin da zan yi. Ta ci gaba da ɓara.

"Yana raye ba ki kama ba, sai da ya kwanta?"

"Yaya, yana raye kowa ya san shi."

"Allah ya san wanda ya haƙa. Ladan yana isa gare shi ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Duk wanda ya sha, an rubuta masa. Me kansila zai rage masa? Me Bawa zai rage masa?"

"Jikokinsa fa? Su zo garin nan a ce musu rijiyar Kansila?"

"Ni zan gaya musu."

"Ke da ni kwana nawa ya rage mana?"

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce ita abin da take tinƙaho da shi a garin nan shi ne ƙaninta ya auri mace mai kunya, da ni take yi wa surukanta misali. Ta ce kunyar nan ba tawa ba ce ni kaɗai da zan ɗauka in kyautar, tasa ce, ita ce abin da na ba shi da babu wanda ya ba shi. Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce na ji, amma zan je.

Ta ce, "To ki je. Amma bakin da ya faɗa a gaban duniya kada ya zo ya yi mini sallama."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ɗaki ta saki labule. Na ɗan zauna, sannan na tashi na nemi mota.

Ɗakin rediyon ƙarami ne, sanyi kamar randa, an lulluɓe bangon da wani abu mai taushi. Mai gabatarwar yarinya ce sa'ar jikata, ta sa mini abu a kunne ta ce in yi magana kamar muna tsakar gida. Ta tambayi ko wace ce ta rako ni, na ce wata ce. Babbarku tana bayan gilashi tana ji, ba ta ɗago ba. Wannan kunyar ta 'yar fari kam ban fasa ba, kuma ba zan fasa ba, kada wani ya sa rai. Aka fara. Ta tambaye ni yadda na koyi karatu, na faɗa. Ta ce wace shawara zan ba masu son a buga rubutunsu, na ce su nemi wanda bai san su ba ya karanta, kuma in ya ce wani abu ya ɓace su saurara, kada su yi irin tawa. Ta sa na karanta shafin rijiyar da ta rufta, na karanta da gyaran Gwaggonku, kwana saba'in. Sannan ta duba takardarta, na ga za ta faɗa da kanta yadda Malam Sabi'u ya shirya da ita. Na ɗaga mata hannu.

Na ce, "Mai dafa abincin nan da ke cikin littafin ni ce. Wanda ya haƙa rijiyoyin mijina ne. Sunansa Haruna ɗan Mati."

Ban taɓa jin yadda yake a bakina ba. Gajere ne ashe. Ma'aikacin da ke bayan gilashi ya yi wa yarinyar alama, ta ce Allah ya jiƙansa, aka sa talla. Sau ɗaya na faɗa, ban ƙara ba, sai yau da na rubuta muku.

Kafin sati ya zagayo mai shagon bakin kasuwa ya aiko a kawo masa wasu, goman sun ƙare. Kwalin ƙarƙashin gado ya ƙare. Wani ya naɗi shirin a waya, aka yi ta turawa, har matasan nan na ranar Asabar suka sa a zaurensu. Ba na ruɗin kaina, rabin masu saye ba rijiya ta dame su ba, so suke su ga littafin tsohuwar da ta kama sunan miji a rediyo. A unguwa wasu sa'o'ina suka daina zama kusa da ni a gidan biki, wasu kuma suka riƙa matsowa suna tambaya a hankali yaya na ji. Malam Sabi'u ya sake bugawa, wannan karon da sunan a bango. Babban ɗan Bawa ya aiko da saƙo ta bakin direba, ya ce sun ji, Iya ta yi haƙuri. Na aika masa da littafi ɗaya, na ce in suna so a san aikin ubansu su zauna su rubuta, akwai rijiyoyi huɗu da na san nasa ne, zan gaya musu.

Gwaggonku ba ta sake yi mini magana ba. Na je sau biyu. Na farko aka ce tana barci, na biyu ina jin tarinta a ɗaki aka ce ta tafi unguwa. Na aika da goron salla, ya dawo. Bayan damina biyu aka bugo da asuba aka ce ta cika. Na ɗauki sabulu da turaren da na daɗe da ajiyewa don wannan ranar na hau motar farko. Da na isa, surukarta ta tare ni a ƙofar ɗaki, ta durƙusa, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce Gwaggo ta bar wasiyya, ta faɗi wadda za ta yi mata wanka, kuma ba ni ba ce. Na ce to. Na miƙa mata sabulun da turaren na ce a yi amfani da su in wasiyyar ba ta hana ba. Na zauna a tsakar gida cikin mata, ina jin ƙarar ruwa daga ɗakin. Matan da ke wankan ba su yi hira ba, wannan na saurara na tabbatar.

Na yi kwana uku. Ranar da zan dawo na bi ta bakin rijiya don in jira mota. Fentin ya koɗe amma sunan Kansila yana nan ana karantawa. Wata matar aure tana ɗiba, da goyo, baƙuwar fuska, da alama ba a daɗe da kawo ta garin ba. Na roƙe ta ruwa ta zuba mini a murfin bokiti. Na tambaye ta rijiyar wa ce wannan.

Ta ce, "Ta Kansila ake cewa. Amma wai wani Haruna ne ya haƙa, mijin tsohuwar nan marar kunya ta rediyo."

Na shanye na miƙa mata murfin na ce ta ƙara mini.